Baba da Kifin Teku

Wata biyar ke nan da Haulat ta ɗauko mahaifinta daga Haɗeja ta kawo shi Doha, kuma a cikin watannin nan ba ta tuna ranar da ta farka don barci ya ishe ta ba. Ko dai agogo ya tashe ta, ko kiran Baba. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, ta shiga ƙarfe shida na safe ta fito ƙarfe biyu. Daga can sai ta wuce gidansu da ke unguwar Bin Mahmud, ta ɗauki Baba zuwa wurin fisiyo, wato gashin ƙashi, sau uku a mako, ta zauna a benci tana jira a gama miƙar masa da hannu da ƙafa. In sun dawo ga girki, ga magani, ga wanki. Mijinta Masahudu injiniya ne a wani kamfanin gas can arewacin ƙasar, yakan yi mako biyu a bakin aiki ya dawo ya yi ɗaya a gida. In yana nan shi ke yi wa Baba wanka da aski. In ba ya nan akwai wani ma'aikacin jinya da ke zuwa da safe ya yi awa uku ya tafi, sai Baba ya zauna shi kaɗai yana sauraren rediyo a waya har ta dawo.

Alhaji Ɗalhatu shekararsa saba'in da ɗaya. Fiye da rabinsu ya yi su ne a fataucin kifi banda, yana lodin kwali-kwali daga Haɗeja zuwa Kano da kudu. A rumfarsa ta kasuwa ciwon ya same shi, wata safiya da damina, yana cikin magana bakinsa ya karkace ya zame daga kan kujera. Ɓarin dama ne ya shanye. Da aka yi ta magani ƙafar ta dawo, yana takawa da sanda mai ƙafa huɗu. Harshen ma ya saki, sai dai in ya gaji maganar takan yi nauyi. Hannun ne ya ƙi. Yana ɗaga shi daga kafaɗa, amma yatsun a dunƙule suke.

Tun da ya zo gidan bai taɓa cin abinci a gaban kowa ba. Haulat takan kai masa tire ɗaki, ta jawo ƙofa ta fito. Ta san da hagu yake ci, da cokali. Shi ma ya san ta sani. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen.

Ranar wata Asabar ce a watan Janairu ta yanke shawarar fita da shi. Matar da ke yi masa fisiyo ta sha gaya mata cewa zaman ɗaki na mayar da majinyaci baya, a riƙa kai shi cikin mutane. Wannan shi ne dalilin da ta faɗa wa Masahudu a waya. Wanda ba ta faɗa ba shi ne ta tashi da safe ta tsaya a kicin tana kallon tukwane, ta ji ba za ta iya ɗora ko da ruwan zafi ba. Ga kuma maganar biza. Ta ziyara ce Baba yake da ita, saura mako uku ta ƙare kuma ba a ƙara sabunta ta, don haka Haulat ta ɗauki kwanaki tana haɗa takardun da za a mayar da shi mazauni. Ba ta gaya masa ba tukuna. Ta ga gara ta faɗa masa a waje, yana kallon ruwa, ransa a sake.

"Baba, yau a waje za mu ci abinci," ta ce da shi bayan sallar azahar. "Bakin teku. Akwai wani wuri da ake zaɓar kifi a gasa wa mutum nan take."

"Kifin teku," ya ce, kamar yana auna maganar. "To, Uwata. Ɗauko mini farar shaddar nan."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta Haulat ba.

Sai da suka ɗauki kusan awa kafin su fita. Sa riga aiki ne, sa takalmi aiki ne, shiga lif da fita daga cikinsa kowanne da nasa. A mota ta ɗaura masa bel, ta gyara masa hannun a kan cinya. Ta bi ta Korniche, titin da ke bin bakin teku, a hankali don ya ga ruwa da jiragen katako da ke jere a gaɓa, amma shi gine-ginen ƙetaren ruwa yake kallo. A tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda aka yi wa gidaje fenti kala-kala aka buɗe shaguna, ba ta sami wurin ajiye mota kusa ba. Ta sauke shi a wani benci, ta zaga sau biyu kafin ta samu can nesa, ta dawo da sauri tana haki. Ta tarar da shi yadda ta bar shi, sandar a tsakanin ƙafafunsa, iska na kaɗa masa riga.

Ta yi tunanin komai kafin su taho. Ta buga waya ta tambaya ko akwai matakala, aka ce babu. Ta tambayi nisan banɗaki. Ta zo da rigar sanyi, da maganin rana, da ruwa a gora.

Suna shiga gidan abincin ƙarnin kifi ya tarbe su, Baba ya ɗaga kai. Daga dama akwai dogon tebur na ƙarfe shimfiɗe da ƙanƙara, an jera kifaye iri-iri, da jatan lande, da ƙaguwa masu shuɗin ƙafa. Haulat ta nufi wurin zama, amma shi ya juya sandarsa ya nufi teburin da kansa. Rabon da ta ga ya yi gaba ya bar ta a baya tun suna Haɗeja.

Ya jingina sandar, ya sa yatsan hagu ya danna cikin wani kifi, ya ɗaga murfin kunnensa ya leƙa.

"Wannan ya kwana," ya ce da ita.

Mutumin da ke bayan teburin, wani baƙi kakkaura mai furfura a gemu, sanye da farar rigar aiki da takalmin roba, ya tsaya da abin da yake yi ya dube su. Sai ya yi dariya.

"Baaba, ka san kifi," ya ce da Hausa. "Jiya da safe ya zo. Duba nan gefe, waɗannan na yau ne."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Daga ina?"

"Kumasi. Zongo. Sunana Dramani. Shekara tara ina nan."

Suka gaisa kamar sun daɗe da sanin juna. Baba ya tambayi sunan kowane kifi, Dramani yana faɗa: wannan safi, wannan sha'ari, wannan dogon kuma kan'ad. Baba ya ce shi wanda ya fi kama da giwan ruwa yake so, mai fari da tsoka, ba yawan ƙaya.

"To hamur ke nan," in ji Dramani, ya ɗago wani mai ɗigo-ɗigo da faffaɗan baki. Baba ya sa aka juya shi, ya duba idonsa, ya ce a mayar a ɗauko na ƙasansa. Dramani ya mayar ba musu. Haulat na tsaye a gefe riƙe da jaka da rigar sanyi, ƙafafunta na zogi, tana jin Baba yana ba da labarin yadda ake banda a Haɗeja, irin itacen da ake sawa da wanda ba a sawa. Maganarsa ta fito sarai, ba nauyin nan.

"A rage gishiri sosai don Allah," ta ce da Dramani da ta sami gaɓa. "Yana da hawan jini."

"Ba damuwa, Hajiya. Ka je ka zauna, ni zan faɗa ma kuku da kaina."

Baba ya yi murmushi da ya ji an ce da ita "ka". A hanyarsu ta zuwa tebur ya ce mata Hausar mutanen Gana ke nan, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsu, ya yi hulɗa da su a Kano shekarun baya.

Suka zauna a waje, dab da shingen ƙarfen da ya raba su da ruwa. Rana ba ta da zafi, iska na da ɗan sanyi. A teburin hagu wasu Larabawa ne, iyali guda, dattijo da matansa da jikoki. A bayansu wasu mata 'yan Filifin suna ta ɗaukar hoto. Haulat ta ƙara da shinkafa da jatan lande da burodi, ta jingina da kujera, a karo na farko tun safe babu abin da ke jiran hannunta. Idanunta suka fara rufewa.

Waya ta yi ƙara. Yayanta ne Usaini, wanda ke zaune da iyalinsa a gidan Baba a Haɗeja.

"Ya jikin nasa? Hannun ya buɗe kuwa?"

"Da sauƙi, Yaya. Ana dai ci gaba."

"Kin tabbata kuna zuwa gashin nan a kai a kai? Don wani abokina ya ce nasu mahaifin wata uku kacal ya yi ya ware. Kuma an ce a riƙa shafa masa man zaitun da ɗumi safe da yamma. Kina yi?"

"Ina yi."

"To a dage dai. Mu nan addu'a ce tamu."

Ta miƙa wa Baba wayar suka gaisa, ta juya tana kallon wani jirgin katako da ke shigowa. Ba ta ji haushin Usaini ba. Ko ƙarfin jin haushin ba ta da shi.

Bayan kamar rabin awa aka kawo abincin. An tsaga hamur ɗin biyu an shimfiɗa shi a faranti mai faɗi, ya gasu ya yi ja a gefe, an yayyanka lemon tsami da tumatir a kansa, tururi na tashi. Ga shinkafa da ta yi ruwan ƙasa da soyayyiyar albasa. Mai kawo abincin ya jera komai, ya ajiye wa kowa cokali da cokali mai yatsu, ya tafi.

Baba ya yi bismillah. Ya ɗan jima yana kallon kifin. Sannan ya sa hagu ya ɗago hannun damansa ya ɗora a kan tebur, ya tura shi zuwa bakin farantin. Haulat ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Yatsun suka ɗan motsa, babban yatsa ya taɓa tsokar, ya ture wani ɓari, ɓarin ya zame ya faɗo a gaban farar shaddar, ya bar tabon mai. Hannun ya bugi kofin ruwa, ta yi saurin tare shi kafin ya kife.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Ta tambayi matakala, ta tambayi banɗaki, ta tuna gishiri, amma ba ta tuna cewa ta kawo mutumin da wata biyar yake rufe ƙofa kafin ya ci abinci, ta zaunar da shi a tsakiyar jama'a, ta ajiye masa kifi mai ƙaya a gaba ba.

Baba ya janye hannun ya mayar ƙarƙashin tebur. Ya ɗauki tishu da hagu ya goge rigar a hankali.

"Ci abinki, Uwata. Ni ban ji yunwa ba."

"Baba, tun kokon safe fa."

"Ya riƙe ni."

Ta jawo farantinsa ta zuba shinkafa, ta ɓare tsokar kifin tana cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya, ta marmasa a kan shinkafar, ta matsa lemo. Ta tura masa, ta ajiye cokalin ta ɓangaren hagu ba tare da ta dube shi ba. Ya kalli cokalin, ya kalli dattijon Balaraben da ke cin shinkafa da hannunsa na dama yana dunƙulawa yana kaiwa baki, ya mayar da idonsa kan ruwa.

"To bari in ba ka," ta ce ƙasa-ƙasa.

"A nan?"

"Ko in ce su juye mana mu tafi gida?"

"Kin sha wahala kin kawo mu. Ki ci, in kin gama mu tafi."

Ta ɗauki loma ɗaya ta kai baki. Ta hango abin da ke gabanta: ta gama, a juye saura a roba, ta je ta ɗauko mota, a hau lif, ta ɗumama abincin, ta kai masa ɗaki, ta jawo ƙofa, ta jiƙa shaddar kafin man ya kama, gobe Lahadi, ranar aiki ce a nan, ƙarfe biyar ta tashi. Ta ajiye cokalin.

"Baba, don Allah ka ci. Na gaji."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, ko teburin kusa ba su ji ba. Amma tana rufe baki ta ji kamar ta mari kanta. Ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan kalmar ba, ko Masahudu. Ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai ce.

"Na sani," in ji Baba.

"Ba haka nake nufi ba. Ka yi haƙuri, bakina ne..."

"Haka kike nufi, kuma ba laifi kika yi ba. Tagar ɗakina tana kallon inda kike ajiye mota. Kullum in kin dawo daga aiki ina ganinki. Kina kashe mota, ba kya fitowa. Ki kifa kai a kan sitiyari. Wani lokaci minti goma, wani lokaci har rabin awa. Sannan ki fito ki gyara mayafi ki hau, ki shigo kina mini sallama da fara'a."

Haulat ba ta ɗago ba. Ita a zatonta wannan ɗan lokacin nata ne ita kaɗai, ba wanda ya san da shi.

"Na kuma ga takardun da ke kan teburin falo," ya ci gaba. "Ba na karanta Turanci sosai, amma na san hotona, na san fasfo ɗina. Na tambayi yaron nan mai zuwa da safe, ya ce na zaman dindindin ne."

"Yau nake son in gaya maka."

"To kada ki kai su."

Ta ɗago. "Baba, likita ya ce hannun na iya ci gaba da samun sauƙi har shekara guda. In ka koma yanzu..."

"Duk abin da matar nan take sa ni yi na haddace shi. Matsa ƙwallo, miƙa yatsu, ɗaga sanda. A zaurena ma zan iya. In ana buƙatar na'ura, Kano ba nisa."

"Wa zai kula da kai?"

"Gwaggonki Hussaina tana nan, ba abin da take yi. Ga Usaini, ga matarsa Larai, ga 'ya'yansu. Mutum takwas ne a gidan nan. Abin da kike yi ke kaɗai, in aka raba musu, kowa ba zai ji ya yi komai ba."

"Ba za su yi shi yadda ya kamata ba. Za su manta magani. Larai ba ta san rage gishiri ba."

"Za su manta wani lokaci," ya ce. "Haka ne."

Ya numfasa. Maganar ta fara yi masa nauyi, ya riƙa fitar da ita a hankali.

"Ba don ke kaɗai ba ne, kada ki ɗauka sadaukarwa nake yi. Ni ma na gaji, Uwata. Ba a rage ni da komai ba a gidanki. Mijinki ɗan halak ne, wanda ya yi wa surukinsa wanka bai taɓa ɓata fuska ba. Amma da yaron nan ya tafi, har ƙarfe biyu ba na jin muryar kowa sai ta rediyo. Yau da na tsaya da mutumin can na Gana, shi ne karo na farko a wata biyar da wani ya tambaye ni abin da na sani, ba inda ke mini ciwo ba."

Haulat ta juya tana kallon ruwa. Abin da ya fi damunta shi ne wani sauƙi da ta ji yana sauka a kafaɗunta tun lokacin da ya ce kada ta kai takardun. Ta so ta ji tsoro ne kawai, ko baƙin ciki. Akwai su, amma sauƙin ya riga su isowa, kuma ta ji kunyar hakan har cikin ranta. Hawaye ya taru mata, ta ɗauki tishu ta danne idanunta.

"Mutane za su ce na kasa," ta ce.

"Wa zai ce? Wanda bai yi kwana ɗaya a nan ba?"

"Ni zan ce."

"To ke ce za ki yi haƙuri da kanki. Wannan ba zan iya yi miki ba."

Tururin kifin ya daina tashi. Wani tsuntsun teku ya sauka a kan shingen, ya dube su, ya tashi. Daga cikin gidan abincin Dramani ya leƙo, ya ga ba a taɓa farantin ba, ya fara tahowa, sai kuma ya ga fuskokinsu ya koma.

"Tashi ki dawo da kujerarki nan," in ji Baba, yana nuna gefensa na hagu, tsakaninsa da teburin Larabawan.

Ta ɗauki kujerar ta zagayo. Ya ce ta ɗan juya tasa ta fuskanci ruwa, ta juya. Yanzu bayansa ne ga matan masu hoto, ita kuma ta tare shi daga ɗaya gefen. Babu kowa a gabansa sai teku.

"Na san lalura ce," ya ce. "Malamai biyu sun gaya mini babu laifi in ci da hagu. Ba hukuncin ne ya dame ni ba, ido ne."

Ya sake bismillah, ya ɗauki cokalin da hagu. Haulat ta kawar da kai tana kallon jirage, amma ta gefen ido tana ganinsa. Ya ƙware fiye da yadda ta zata. Ba ya zubarwa, sai dai yana yi a hankali, yana karkata kai zuwa ga cokalin. Ya yi loma uku kafin ya yi magana.

"Kifin ba laifi. Tsokarsa ta yi. Amma sun gasa shi da sauri, wuta ta yi yawa a ƙasa. Kuma ba yaji."

"In ce a kawo barkono?"

"Bar shi. Ɓare mini wajen kan nan, nan ne daɗin yake."

Ta ɓare masa kumatun kifin da tsokar bayan kai. Ita ma ta jawo nata farantin. Sai da ta fara ci ta gane irin yunwar da take ji. Suka ci gaba da ci, in ya nuna wani wuri ta cire masa ƙaya. Jatan landen ya ɗanɗana ɗaya ya ce ta cinye abinta, shi bai ga abin da ake so a ciki ba. Hamur ɗin kuwa ba su bar komai ba sai ƙashin tsakiya.

Da za su fita ya tsaya wurin Dramani ya gaya masa maganar wutar. Dramani ya ce zai faɗa wa kuku, ya kuma ce Baba ya dawo ranar Talata da safe, lokacin ne jirage ke kawo manya.

"In Allah ya yarda," in ji Baba.

Ta zaunar da shi a bencin ɗazu ta tafi ɗauko mota. Ana kiran la'asar daga wani masallaci a bayan shagunan. Tana tafe tana shirya yadda za ta sake tayar da maganar a gida, ta kawo masa hujjoji, ta sa Masahudu ya sa baki. Kafin ta kai inda motar take ta san ba za ta yi ba.

Masahudu ya dawo ranar Alhamis. Shi ya yi musun da ita ta kasa, ya zauna da Baba a ɗaki fiye da awa, ya fito ya ce da ita, "Ya riga ya gama shawara." Ta rubuta jadawalin magunguna da manyan baƙaƙe, da Hausa, ta yi kwafi uku. Ta ɗauki bidiyon kowane motsa jiki a wurin fisiyo ta tura wa Usaini da Larai. Ta sayi maganin wata shida ta jera a akwati. Mako biyu bayan cin kifin nan Masahudu ya ɗauki hutu ya raka Baba har Kano, Usaini ya tarbe su a filin jirgi da mota.

Hannun bai buɗe ba. Babban yatsa da manuni sun ɗan ƙara motsi, har yana iya riƙe carbi, daga nan abin ya tsaya. Gwaggo Hussaina takan kira ta ce yau ya yi motsa jikin, jiya ya ƙi, shekaranjiya an manta maganin rana sai da yamma aka tuna. Haulat takan yi faɗa a waya, ta kashe, ta zauna tana kallon bango. Barci kuwa ta samu, har ya yi yawa. Makon farko tana dawowa daga aiki take kwanciya da kayan jikinta, ba ta farkawa sai magariba.

Wata Juma'a da yamma ta kira Baba. Ya ɗauka a kira na biyu, tana jin hayaniyar maza a bayansa, wani yana ta musu a kan farashin kwalin tarwaɗa.

"Uwata, lafiya dai?"

"Lafiya lau, Baba. Na ce in ji ya jikin."

"Da sauƙi. Ina da mutane yanzu, zan neme ki in sun tafi."

Ta ce to. Ta ajiye wayar a kan kujera, ta ɗan zauna, sannan ta tashi ta kwashe kayan aikin Masahudu daga injin wanki ta fita baranda shanya.